Zanar Da Na Ɗauke Daga Magaryar Kakana

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta abin da mutane ke aiko wa wannan shafi, yau ni ma na yi ƙarfin hali. Lokacin da abin da zan faɗa ya faru shekarata goma sha uku, ina aji na biyu a kwaleji nan Malanville, kuma da za a tambayi mutanen unguwarmu yadda muryata take, da yawa za su ce ba su taɓa ji ba. Ni ce yarinyar da ke zama layin baya kusa da taga, wadda ta san amsa amma ba ta ɗaga hannu. Abin da bakina ya kasa, idona ke yi. Na san wace 'yar ajinmu ce ta ɗinke jakarta da zare mai wani launi, na san ranar da mushenmu, wato malaminmu na lissafi, ya sake maɓallin rigarshi, na san kazar maƙwabta da ke ɗingishi kafin masu ita su sani. A gida ana yaba mini, ana cewa yarinya mai natsuwa. Ba wanda ya yi zaton da wannan idon ne zan cuci mutumin da ya fi kowa sona. Yanzu shekarata goma sha bakwai. Ba zan ambaci sunan kowa ba, don abin kunyar nawa ne ni kaɗai.

Mutumin nan kakana ne, mahaifin babana. Gidanmu gidan 'yan kasuwa ne tun asali, babana da ƙannenshi cikin babbar kasuwa suke wuni, amma shi tsohon tun kafin a haife ni ya bar musu rumfa ya koma garka. Garkar tana bisa hanyar Madécali, ba nisa da gulbi, tafiyar rabin awa a ƙasa daga gidanmu. Akwai mangwaro da lemun tsami da gwaiba, da wata tsohuwar ɗinya da ya tarar a wurin bai sare ba. Abin da aka san shi da shi shi ne yi wa icce aure: ya yanko ɗan reshe daga iccen da ɗiyanshi ke da daɗi, ya tsaga kan wani ƙaramin icce mai ƙarfin saiwa, ya soka reshen ciki ya ɗaure, in Allah ya sa ya kama sai su zama icce guda. Daga Toumboutou, daga Madécali, har daga ƙetaren gadar gulbin mutane na zuwa da rassa naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Bahago ne, wuƙarshi 'yar ƙarama ce mai ƙotar ƙaho, kuma yana da irin ɗaurinshi da ba ya sakewa. Leda yake yankawa siri-siri, ya naɗa daga ƙasa zuwa bisa ta hannun hagu, zagaye bakwai, sa'an nan ya murɗa bakin ya cusa sau biyu ƙarƙashin zagayen ƙarshe. Bai taɓa koya mini ba. Ina dai riƙe mishi da tsumma ina kallo. Amarya yake ce mini, wai ya yi dace da mace marar surutu, aibinta ɗaya ba ta iya tuwo ba, kuma in na ci gaba da shan mishi gwaiba ɗanya zai maida ni gidan ubana.

Kaka yana da aboki can wajen Gaya, tare suka koyi aikin suna samari. Abokin yana da wata magarya guda da ɗiyanta suka kai ƙwan kaza, ana cin su ɗanye suna ƙaras-ƙaras, ba irin ƙananan nan da muke tsinta a daji ba. Da abokin ya rasu 'ya'yanshi suka saida garkar, wanda ya saya zai gina wurin ajiye kaya. Kaka ya ji labari saura kwana biyu a sare itatuwan. Lokacin yanar ido ta riga ta fara rage mishi gani, amma ya hau babur ya ƙetare gada, ya dawo da rassa biyar cikin hularshi da ya jiƙa. Ya aura su ga ƙananan magaryun daji da suka tsiro bakin shingen garka. Huɗu suka bushe. Ɗaya ta kama, kuma ita ce mafi kusa da wani giɓin shinge inda awakin makiyaya ke bi in za su gulbi. Don haka ya kafa mata sanduna, ya kewaye ta da zana har tsayin ƙirjina. Kowace safiya sai ya leƙa ya gaishe ta da sunan wasan da yake kiran abokin, ya tambaye ta ya mutanen Gaya. Ya nuna mini ƙananan tohon da ke fitowa ƙasa da ɗauri, ya ce su ne ɓarayi, na uwar daji ne, in aka bar su za su shanye ruwan baƙon reshe su kashe shi, sai an riƙa yanke su.

Ni kuma a lokacin ina da nawa sirrin. Kawuna direban kamiyo ne, babbar motar kaya, tsakanin Cotonou da nan. Farkon ɗari ya zo mana da tsarabar wasu ɗiyan icce huɗu cikin 'yar roba, jajaye masu duhu, kamar an hura ɗinya ta kumbura. Ina ganinsu na gane su, su ne purun da ke cikin littafinmu na Faransanci, a hoton wani gida mai jan rufi da yarinya bisa tsani tana tsinka. An yanka uku aka raba, ni rabin rabi na samu, amma na tsince ƙwallayen uku na shuka bayan ɗakinmu. Ko ɗaya bai fito ba. Na huɗun innata ta sa shi cikin firigon da take yin ƙanƙara da bisap, wato zoɓo, na saidawa, wai na babana ne in ya dawo daga tafiya. Ya gangara bayan ƙulle-ƙullen leda aka manta da shi wata biyu. Ranar da nake wanke firigon na same shi ya ruɓe, ƙwallon ya tsage, wani ɗan farin abu ya leƙo. Na ƙulle shi a bakin zanena na kai garka, na shuka can kusurwa bayan ayaba inda idon Kaka ba ya kaiwa. Ban faɗa mishi ba. Ina tsoron ya yi mini dariya, kuma ina son ranar da zan miƙa mishi abin da shi kanshi bai taɓa shukawa ba, mutane su ce ashe shirun yarinyar nan ba na banza ba ne. Da ya fito da ganye biyu na yi ta kallonshi har na makara sallar la'asar.

Da zafi ya kama aka shirya kai Kaka Parakou a yi mishi aikin ido, zai zauna wajen goggona kamar sati shida. Safiyar tafiyar muka je garka tare. Ya durƙusa cikin zanar yana lalube da yatsu, ya yanke ɓarayi biyu, ya kwance ɗaurin ya sake shi sako-sako don reshen ya fara kauri, kada ledar ta shaƙe shi. Ina tsaye ina kallo tun daga farko har ƙarshe, kuma daidai ya yi komai. Sa'an nan ya miƙo mini wuƙar, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Ya ce ƙanen babana zai riƙa zuwa da inji yana ba manyan itatuwa ruwa, amma shi ɗan kasuwa ne, bai san magarya mai aure da sandar tuƙa tuwo ba. Wannan amanar amarya ce. Ruwa bokiti guda kowane marece, a yanke ɓarayi, kuma ko sama za ta faɗo kada a taɓa zanar. Na ɗaga kai alamar na ji.

Sati biyu na farko na riƙe amana. Amma duk wanda ya san zafin garinmu a watan huɗu ya san ba abin wasa ba ne. Ganyen purun ya fara ƙonewa daga baki, ya koma kamar takardar da aka kusantar da wuta. Ina ba shi ruwa da marece, kafin in dawo washegari ya langaɓe. Na rufe shi da ganyen ayaba, iska ta kwashe. Ba ni da hanyar samun sabuwar zana ba tare da an tambaye ni ta mene ce ba. Wata Laraba da rana na tsaya tsakanin itatuwan biyu ina dubawa. Magaryar ga ta nan kore shar, kamar ba ta san ana rana ba. Sai na ce wa kaina ai magarya iccen daji ce, wa ya taɓa yi mata shinge, ga ta da ƙaya, shi kuwa wannan baƙo ne daga nesa. Kwana uku kawai, zuwa Asabar in samo kara in yi mishi tashi rumfar. Na manta, ko in ce na ƙi tunawa, cewa baƙon reshen nan lausasan ganye gare shi, ƙayarshi ba ta ko yi ƙwari ba. Na kwance zanar na ja ta a ƙasa har bayan ayaba.

Ba a kai Asabar ba. Alhamis da marece ina shiga na ga sawun kofato da kashin awaki tun daga giɓin shinge. Reshen babu shi. Ba ganyen kaɗai suka ci ba, sun fizge shi daga cikin tsagar, kan uwar ya rage a dagargaje, ledar tana ƙasa da shaidar haƙori. Na bi sawun ina neman ko guntu, kamar in na samu zan iya maida shi. Na zauna a ƙasa na yi kuka har na ji kiran magariba daga gari. Da na tashi daga nan na je na faɗa wa innata, da yau ba ni da labarin rubutawa. Akuya ta yi ɓarna, yarinya ta yi wauta, a yi faɗa a wuce. Amma na koma gida na ci tuwo na yi shiru, kuma ba wanda ya ga bambanci, tunda kullum shirun nake.

Bayan kwana goma ɓarayi suka fito da ƙarfi, tunda ba mai raba ruwa da su. Ɗaya ya tsiro dab da inda ɗaurin yake a da, ya miƙe sambal. A nan shaiɗan ya ba ni shawara. Na ɗauki wuƙar Kaka na gyara dagargajen kan, na yanke shi a karkace, da hannun hagu, yadda yake yi. Na cire sauran ɓarayin na bar wancan guda. Na yanka sabuwar leda siri-siri, na naɗa a gindinshi daga ƙasa zuwa bisa, zagaye bakwai, na murɗa bakin na cusa sau biyu. Sau uku ina kwancewa ina sakewa har sai da ya fito kamar shi ya yi. Na maido zanar na kafa ta cikin ramukan sandunanta na da, na share sawun awaki da reshen ɗinya. Purun kuma na yi mishi inuwa da tsohon zanena, abin da tun farko ya kamata in yi. A wautata ina ganin idon Kaka ba ya gani sosai, zai ɗauka reshen abokinshi ne, kafin icce ya yi ɗiya an daɗe, wataƙila a ce iri ne ya lalace.

Ya dawo da baƙin tabarau, ido ɗaya ya ɗan washe, ɗayan sai a hankali. Ko hutawa bai yi ba ya ce amarya ta kai shi ya gaida mutumin Gaya. Ya sa hannu cikin zanar, ƙaya ta soke shi, ya tsaya. Ya shafa ganyen ɗaya-ɗaya, ƙanana ne masu kaushi. Ya gangara da yatsu zuwa gindi yana neman tabon aure bai samu ba. Ya taɓa yankan da ke bisa kan uwar, ya bi karkacewarshi da babban yatsa. Daga nan ya kama ɗaurin. Na ga leɓɓanshi na motsi, yana ƙirga zagayen. Da ya kai bakwai ya taɓa inda aka cusa bakin sau biyu, sai ya zauna daɓas a ƙasa, ya yi salati. Ya ce wannan ɗaurinshi ne, wannan yankanshi ne. Ashe safiyar tafiya reshen abokinshi ya yanke ya yar, ya ɗaure ɓarawo da hannunshi. Ya juyo wajena ya tambaye ni ko ina wurin lokacin, ko na ga abin da ya yanke. Bakina ya buɗe da kanshi na ce na tafi ɗebo ruwa. Ya ce ba komai, ba laifina ba ne, sati shida ina shayar da ɓarawo da zuciya ɗaya, Allah ya yi mini albarka.

Ban taɓa tunanin ƙaryar za ta bi wannan hanya ba. Ranar ya karɓi wuƙar, ya naɗe ta cikin tsumma ya sa ƙasan akwati. Da babana ya ce ai ciwon ido ne, yanzu kuwa an gyara, sai ya ce a'a. Shekara nawa yana aure da lalube, hannunshi ya san ɓarawo ko cikin rijiya ne. In hannu ya kasa rarrabewa, to ba ido ba ne, kai ne ya fara tafiya. Maganar ta shiga kunnen 'ya'yanshi. Aka ɗauke mishi keke, aka ce kada ya ƙara zuwa garka shi kaɗai. In ya manta inda ya ajiye carbi sai a kalli juna. In ya faɗi ra'ayi bisa maganar gida a ce to Baba, a yi abin da aka ga dama. Masu zuwa da rassa ya riƙa sallamarsu daga bakin ƙofa, yana cewa mai aikin ya mutu, saura mai cin tuwo. Yana faɗa yana dariya, su ma su yi dariya, ni kuwa ina bayan ƙyaure ina jin kamar ana zuba mini garwashi.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru ne da damina. Na raka shi garka, idon da ya washe ya hango tsohon zanena bayan ayaba. Ya murza ganyen ya sansana, ya ce wannan ba ɗan ƙasar nan ba ne, wane baƙo amarya ta ɓoye mishi. Na faɗa mishi labarin purun, ban da zancen zana. Ya yi dariya har da tari. Ya ce ga ɗinya tsaye bisa kaina tana zubar da ɗiya ba mai roƙonta, ga tsada da kanya a daji, ga gwaiba da lemu da suka saba da ranarmu, ni kuwa na je na ɗauko mai son bargo. Kowane icce da ƙasar da Allah ya yanke mishi cibiya. Amma baƙo ba a korarshi. Ya sa na yanko mishi gamba, ya zauna gindin ɗinya wuni guda ya saƙa wa purun ɗina 'yar zana tashi ta kanshi, yana cewa ko wannan dai hannun bai manta ba. Ni kuwa ina ta miƙa mishi ciyawa. A lakwal, makarantarmu, kuma, da muka zo darasin tsirrai, na jira kowa ya fita na tambayi madam ɗinmu, malamar darasin. Ta ce purun sai ya sha sanyi mai tsanani na makonni da yawa kafin ya yi fure, irin sanyin da ɗarinmu ba ya kaiwa ko kusa, ko ya rayu a nan ganye kawai zan gani. Nan take na tuna firigon innata, na gane dalilin da ukun farko suka ƙi fitowa. Tun ranar farko iccen ya faɗa mini abin da yake so, ni mai ido ban gani ba. Ya kai tsayin ƙuguna, zafin shekara ta gaba ya bushe ƙurmus cikin zanar da Kaka ya saƙa.

Haka muka ci shekara biyu. Ranar da abin ya ƙare wata mata ce ta zo daga wajen Toumboutou, matar wani makiyayi da ke kawo nono kasuwa. Ta durƙusa ta kwance jiƙaƙƙen tsumma, rassan mangwaro huɗu ne. Ta ce na iccen da mahaifinta ya shuka ne, gara ta cinye gindin, ba zai ga wata damina ba, kuma kowa ya ce mata in ba Baba ba babu mai iyawa. Kaka ya ƙi ko taɓa su. Ta yi ta roƙo, ta ce ko bai kama ba ta yafe. Ya ce mata ɗiyata, wanda ya yanke amanar amininshi da hannunshi ba a ba shi amanar uban wani. Ta ce to za ta bar su nan, ba za ta koma da su ta ga bushewarsu ba. Ta tafi. Na zauna ina kallon tsumman yana bushewa daga gefe, farin yana cin jiƙaƙƙen wurin kaɗan-kaɗan. Ban san lokacin da na ɗebo ruwa na yayyafa mishi ba. Na durƙusa gaban Kaka na ce ina da magana. Ya ce yau kuma amarya ce da magana, lalle za a yi ruwa.

Na faɗa mishi duka, da zanar, da awakin, da yankan, da ƙaryar ɗebo ruwa. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce in kawo leda da sanda. Na yanka, na ɗaura a gabanshi. Ya karɓa ya ƙirga, ya taɓa bakin. Na fara fatan ya ɗauki sandar ya buge ni da ita. Sa'an nan ya ce magarya ba komai ba ce, akuya ta ci rabonta, amininshi ma ƙasa ta ci shi balle reshe. Amma shekara biyu yana kwana yana tashi yana sauraren kanshi, yana jiran ranar da zai manta sunan 'ya'yanshi. Ya miƙo hannuwanshi biyu ya ce in duba, tunda ni mai dubawa ce. Suna karkarwa. Ya ce lokacin da na ɗaura waccan ledar ga magarya ba su fara haka ba. Shekara biyun nan su ne na ƙarshe da suka rage mishi, kuma ya zauna da su a bakin ƙofa.

Washegari da safe ya fiddo wuƙar ya ce in ɗauko tsumman matar nan mu tafi. Akwai 'yan mangwaro da suka tsiro bakin rijiya daga ƙwallayen da muke yarwa. Ya zauna bisa turmi ya ce tunda na iya satar ɗauri, sai in biya da shi. Ni ke yanka, shi ke lalubawa ya ce ƙara kaɗan, ko ya ce na ɓata in sake. Cikin huɗu biyu suka kama, matar ta zo ta ɗauka farkon damina. Da bakinshi ya faɗa wa babana abin da ya faru, a taƙaice, ya hana a taɓa ni. An maido mishi da kekenshi, amma ya riga ya wuce hawa. Yanzu in mutane sun zo da rassa ni ke yi yana zaune. Mun samo wata magarya mai manyan ɗiya daga masu saida dashe, ta kama, tana ɗiya, ya ɗanɗana ya ce ba laifi, amma ba ita ba ce. Waccan ta bakin shinge ya hana a sare ta, ya hana a sake mata aure. Tana nan ta girma da ƙayarta da ƙananan ɗiyanta. Kuma tun daga ranar bai sake ce mini amarya ba. Ba ya fushi, yana sa mini albarka, amma da sunana yake kirana kamar kowa.

Abin da nake son faɗa wa 'yan uwana, musamman masu irin halina da ake yabo da shiru, shi ne ba kowane shiru ne natsuwa ba, wani tsoro ne ya sa kallabi. In kun ga icce a littafi ya ba ku sha'awa, ku tambayi tsofaffin garinku kafin ku shuka, sun san abin da ƙasarku ke karɓa, kuma kada ku cire wa na gida shinge don baƙon da ba zai zauna ba. Amma wannan ƙaramin darasi ne. Babban shi ne, in kun yi ɓarna ku bar ta a fili a gan ta yadda take, ku ce ni ce. Kada ku gyara ta ta yi kama da ba a yi ba, don laifin da mai shi bai ɗauka ba ba ya ɓacewa, kan wani yake sauka, kuma sau da yawa kan wanda ya fi yarda da ku. Ɓarnar awakin nan ta marece ɗaya ce. Tawa da na ɗaura da zagaye bakwai ta ci shekara biyu na tsoho, kuma duk itatuwan da zan aura a rayuwata ba za su maido mishi da ko wuni ɗaya ba.